John Kemp Starley: Ɗan Mai Lambun Da Ya Sauko Da Mahayin Keke Ƙasa



Duk wanda ya tashi a yankinmu na Doguwa ya san keke ba kayan gayu ba ne. Da kaka, in an fara cire masara, za ka ga baƙin keken nan mai taya inci 28 ɗauke da buhu a kariya, wani lokacin har da ƙaramin buhu cuse a tsakiyar firam, mai shi kuma yana gefe yana turawa saboda hawan tudu. Haka keken Babanmu ya yi ta fama har shekarar da nake aji uku a sakandare. Wata ranar kasuwa ya faɗa rami da buhun masara a baya, sai bututun da ya gangaro daga wuyan keken zuwa wajen feda ya tsage. Aka kai wa wani mai walda, ya sa masa wutar lantarki irin wadda ake haɗa ƙofar gida da ita, ya cika wurin da ƙarfe har ya yi tudu. Kowa ya ce ai yanzu ya fi sabo ƙarfi. Wallahi bai yi sati uku ba ya sake karyewa, kuma a gefen waldar kaɗan ya karye, ita waldar tana nan daram.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: wa ya yanke shawarar cewa haka siffar keke za ta kasance? Me ya sa Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya duk jikinsu iri ɗaya ne, kamar 'yan gida ɗaya? In ka bi diddigin amsar, za ta kai ka ga wani Bature da ya mutu fiye da shekara 120 da suka wuce, mai suna John Kemp Starley.

Tashinsa

An haifi John a tsakiyar shekarun 1850 a Walthamstow, wani gari da yanzu ya shige cikin birnin Landan. Mahaifinsa aikin lambu yake yi. A 1872, yana ɗan saurayi, ya koma birnin Coventry wajen baffansa James Starley don koyon aiki.

Shi wannan baffan nasa abin kallo ne. Shi ma da aikin lambu ya fara, yana gyara wa mutane agogo a gefe. Daga nan ya koma gyaran keken ɗinki, har shi da abokinsa Josiah Turner suka kafa kamfanin keken ɗinki a Coventry wajen 1861. Lokacin garin yana cikin wani hali. Saƙar ribin, wadda ita ce babbar sana'arsu, ta durƙushe bayan da aka buɗe wa kayan Faransa ƙofa a 1860, ma'aikata masu hannu suka rasa abin yi. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Sharaɗa da Challawa suka koma kufai ya san irin wannan baƙin cikin. A 1868 wani ɗan'uwan Turner ya zo da keken hawa daga Faris, mai ƙafafun katako, kamfanin ya fara ƙera irinsa. Ka ga a nan Hausa ta yi daidai da tarihi ba tare da ta sani ba: daga keken ɗinki aka koma keken hawa, a masana'anta ɗaya, da hannun mutane ɗaya.

James shi ne ya ƙera keken Ariel tare da William Hillman wajen 1870, kuma shi ya fito da salon saƙa sifok a giciye a 1874, wanda har yau da shi ake ɗaure ƙafar keke. A ƙarƙashin wannan mutumin John ya yi koyon aikinsa. A 1877, bai wuce shekara 22 ba, wato sa'ana ne a lokacin, ya fita ya buɗe nasa kamfanin tare da wani mai sha'awar keke, William Sutton. Suka sa masa suna Starley & Sutton.

Matsalar da ya tarar

Keken wancan zamanin in ka gan shi sai ka yi dariya. Ƙafar gaba ƙatuwa ce, inci 50 zuwa 60, ta baya kuma 'yar ƙarama kamar faifai. Amma masu ƙera shi ba wawaye ba ne, lissafi ne ya kai su can. Babu sarƙa, feda a jikin ƙafar gaba take. Ka juya feda sau ɗaya, ƙafar ta juya sau ɗaya. Ƙafa mai inci 54 za ta ci ƙasa wajen mita 4.3 a juyi guda. In kana son gudu, sai dai a ƙara girman ƙafar, kuma tsawon ƙafarka kai mahayi shi ne iyakar girman da za a iya yi maka.

Illar ita ce mahayi yana zaune can sama, kusan daidai saitin tsakiyar ƙafar gaba. Ɗan dutse ko kare ya gifta, sai mutum ya tafi da ka, ƙafafunsa maƙale a ƙarƙashin kan keken, ba halin dira. Mutane sun karye, wasu sun mutu. Don haka keke ya zama na samari masu tsawo, masu kuɗi, masu taurin kai. Tsofaffi da mata da masu kaya sai dai keke mai ƙafa uku, wanda ke da nauyi da tsada da cin hanya. Irin wannan mai ƙafa ukun Starley da Sutton suka fara ƙerawa, kuma wajen 1883 suka fara sa wa kayansu suna Rover, wato mai yawo.

Abin da ya kamata mu lura da shi: duk kayan da za a warware matsalar da su suna nan a ƙasa. Henry Lawson ya riga ya fito da keke mai sarƙa zuwa ƙafar baya a 1879, amma bai karɓu ba. Hans Renold ya riga ya ƙera ingantacciyar sarƙa a Manchester a 1880. Bututun ƙarfe akwai shi, boris akwai shi. Abin da ya rage shi ne wanda zai zauna ya tsara wanne zai zauna ina, kuma don me.

Shawarwari huɗu

A wata laccar da ya gabatar a Landan a 1898, Starley ya bayyana abubuwan da ya sa a gaba lokacin da yake tsara kekensa. Abin sha'awa, bai fara da ƙarfe ba, da mutumin da zai hau ya fara.

Na farko, nisan mahayi daga ƙasa. Ya so mutum ya zauna inda zai iya dire ƙafa in ta ɓaci, kuma nauyinsa ya koma tsakanin ƙafafun keken biyu, ya bar saitin ta gaba.

Na biyu, a raba girman ƙafa da gudu. Sarƙa ce ta yi wannan aikin. Ɗauki keken gidanku: in faifan gaba yana da haƙora 44, na baya 22, duk juyin feda ɗaya ƙafar baya za ta juya sau biyu. Ƙafa mai inci 28 ta koma tana aikin mai inci 56 ke nan, kai kuma kana kusa da ƙasa. Kuma in hanyarku mai tudu ce, irin ta wajen Riruwai, sai ka sa na baya mai haƙora da yawa, ka rage gudu ka samu sauƙin hawa. Firam ɗin yana nan yadda yake.

Na uku, inda sirdi zai zauna in an auna shi da feda, kuma ya zama ana iya ɗaga shi ko sauke shi. Wannan ƙaramin abu shi ya sa keke ɗaya ke yi wa uba da ɗa aiki.

Na huɗu, inda hannu zai kama in an auna shi da sirdi, yadda mutum zai danna feda da iyakar ƙarfinsa ba tare da ya gaji da wuri ba.

Sirdi, feda, hannu. In ka ɗiga waɗannan wurare uku a takarda, ka ƙara tsakiyar ƙafafu biyu, aikin firam kawai shi ne ya haɗa su da ƙarfe mafi ƙaranci da zai iya ɗaukar nauyin. Daga nan siffar ta fito.

Kuskuren farko

A farkon 1885 ya kai Rover mai ƙafa biyu na farko wajen baje kolin kekuna na Stanley a Landan. Kar ku ɗauka daga fitowa ya ci gari. Ƙafar gaba har lokacin babba ce, inci 36, fok ɗin kuma a tsaye yake, can nesa da mahayi. Don hannu ya kai, sai ya sa kan keken a baya, ya haɗa shi da fok ta wasu sanduna. Sai tuƙin ya zama mai wasa, ga ƙarin nauyi, ga ƙarin abin lalacewa.

A nan ne mutumin ya burge ni. Bai tsaya kare zanensa ba. Cikin wannan shekarar ya cire sandunan gaba ɗaya, ya rage ƙafar gaba, ya kishingiɗar da fok ɗin baya har kan keken ya zo hannun mahayi kai tsaye. Gyara ɗaya ya kawar da matsala biyu. Sassa suka ragu, sannan kishingiɗar ta ba keken nutsuwa. In ka ja layi daga wuyan keke zuwa ƙasa, zai sauka gaba kaɗan da inda taya ta taɓa ƙasa, don haka tayar tana bin layin a baya, kamar ƙafar gadon asibiti da ke miƙewa da kanta in an tura shi. Wannan ne ya sa muke iya sakin hannu muna yara muna burga. Shi ya sa kuma keken da ya yi karo, fok ɗinsa ya lanƙwashe baya, ba ya sake tuƙuwa daidai komai kyawun tayoyinsa.

Samarin da ke kan dogayen kekuna sun raina sabon, suna ganin na matsorata ne. Sai kamfanin ya shirya tseren mil 100 a watan Satumba na 1885. George Smith ya gama a kan Rover cikin awa 7 da minti 5 da 'yan daƙiƙu, ya karya tarihin da ke akwai. Daga nan baki ya mutu.

Abin da wasu suka ƙarasa

Gaskiya ita ce Rover na 1885 bai gama zama keken da muka sani ba. Bututunsa a lanƙwashe suke, kuma babu wanda ya sauko daga ƙarƙashin sirdi zuwa wajen feda. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya, shi da sauran maƙera irin su kamfanin Humber suka miƙe bututun, suka ƙara wannan na tsakiyar, ƙafafun biyu suka zo daidai. Firam ya koma alwatika biyu a jingine da juna.

'Yan sashen injiniya sun san dalilin. Haɗa sanduna huɗu da ƙusa a kusurwoyi, ka tura, za su karkace. Haɗa uku, ba za su motsa ba sai ɗaya ta karye. A cikin alwatika, yawancin nauyi yana bin tsawon bututu ne, ko ja ko dannawa, kuma a nan ƙarfe ya fi juriya. Lanƙwasawa ce ke kashe shi. Kafintan da ke haɗa rufin kwano a ƙauyenmu da wannan dokar yake aiki ko da bai taɓa shiga aji ba.

Sauran gyaran ya zo daga wasu hannaye. Ƙaramar ƙafa mai daskararriyar roba tana jijjiga mutum fiye da babba, kuma wannan ne babban ƙorafin da aka yi wa Rover. John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya fito da taya mai iska a 1888, ƙorafin ya ƙare. A 1897 kamfanin Reynolds na Birmingham ya yi rajistar bututu mai kauri a bakinsa biyu, siriri a tsakiya, saboda wajen haɗi ne ke shan wahala. Da aka cire bututun sama don mata masu dogon tufa su iya hawa, alwatikar gaba ta ɓaci, sai aka ninka bututun ƙasa don a rama. Shi kuma keken dako mai bututun sama biyu da muke gani a kasuwanninmu, amsa ce ga wata tambayar daban: buhu nawa? Kowace siffa da ka gani, wani ne ya auna riba da hasara ya zaɓa.

Yanzu mu koma kan keken Baba. Irin waɗannan tsofaffin kekuna ba da waldar lantarki aka haɗa su ba. Bututun ana zura shi ne cikin wata gwiwar ƙarfe kamar hannun riga, a narka tagulla ta bi tsakaninsu ta cika. Tagulla tana narkewa wajen digiri 900, shi ƙarfen sai ya haura 1,400, don haka bututun ba ya narkewa, kuma nauyi yana bazuwa a duk faɗin gwiwar. Kaurin bangon bututun bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Mai waldarmu ya zuba masa zafin da ake ba ƙarfen ƙofa, ƙarfen da ke gefen waldar ya cinye ya yi rauni, sannan tudun da ya tara ya ƙi lanƙwasa ko kaɗan. Duk jijjigar hanya sai ta taru a daidai inda mai kauri ya haɗu da siriri. Nan ya karye. Da ya zura wa wurin ɗan guntun bututu ya bi shi da waldar gas da tagulla, da wataƙila har yau ƙannena na hawa. Ban ga laifinsa sosai ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin da ya sa aka haɗa shi yadda aka haɗa shi tun asali.

Ƙarshen rayuwarsa

Shi da Sutton sun rabu, a 1889 kamfanin ya koma J. K. Starley & Co., daga baya a shekarun 1890 ya zama Rover Cycle Company. Bai tsaya kan keke kaɗai ba. A 1888 ya ƙera wani mai ƙafa uku da ke aiki da batir, amma dokar Ingila ta lokacin ta ƙayyade wa duk abin hawa mai inji gudun mil 4 a awa a bayan gari, mil 2 a cikin gari, don haka abin bai je ko'ina ba.

Ya mutu kwatsam ranar 29 ga Oktoba 1901 a Coventry, bai kai shekara 50 ba. Bai ga abin da kamfaninsa ya zama ba. A 1904 Rover ya fitar da motarsa ta farko, a 1948 kuma ya fitar da Land Rover, wadda iyayenmu suka sani a hannun 'yan sanda da ma'aikatan gona. A ƙasar Poland har yau sunan keke a harshensu rower ne, daga sunan kekensa. Rover ɗinsa na 1885 yana ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan. Tsarin nasa kuma shi Raleigh na Nottingham ya bi ya cika Afirka ta Yamma da shi, har ya zo ya kafa masana'antar haɗa kekuna a nan Kano.

Mu fa?

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kekunan da aka jingine a zaure sun fara fitowa. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada zuwa ƙauyukanmu na bayan dajin Falgore, akwai manomin da kuɗin mashin zuwa kasuwa ke cinye masa ribar buhu. Keken da yake hawa kuwa an tsara shi ne don Bature ɗaya mai zuwa aiki, ba don mutum da buhu mai kilo 100 a kan hanyar burji mai ramuka ba. Shi ya sa kariya ke karyewa, sifok ɗin baya ke tsinkewa, keke ke ɗaga kai in an ɗaure kaya can bayan tsakiyar ƙafa. Masu gyaran keke na bakin kasuwa suna ta dabara, suna ƙara wa kariya rodi, suna tokare fok da sanda biyu, ba tare da lissafi ba. Mu da ke da lissafin muna nan muna kwafo zanen injin da aka yi shekara goma ana maimaitawa a matsayin furojek, wasunmu ma saye suke yi a bakin get. Kowa ya sani, ba sai na faɗi suna ba.

Starley bai ƙirƙiro sarƙa ba, bai ƙirƙiro taya ba, bai ƙirƙiro bututu ba. Ya dubi mutumin da zai hau, ya tsara masa abin da ke akwai, da ya ga ya yi kuskure kuma ya gyara kafin shekara ta zagayo. Wannan bai fi ƙarfin ɗan difloma ba. Wakshop ɗinmu yana da abin yanka bututu da tukunyar gas da tef ɗin awo, fiye da abin da suka fara da shi a Coventry. Tambayoyin ma suna nan suna jira: in aka tsawaita bayan firam don buhu ya zauna gaban tsakiyar ƙafar baya, inci nawa za a ƙara kafin keken ya ƙi shan kwana? Haƙora nawa ya dace da hawan tudu da kaya? Wane haɗi ne mai waldar ƙauye zai iya gyarawa da kayan da ke shagonsa?

Ƙannenmu 'yan aji ɗaya da za ku zaɓi furojek baɗi, in kun je hutu ku ɗauki tef ku je rumfar mai gyaran keke. Ku gaishe shi, ku zauna, ku tambaye shi inda kekuna suka fi karyewa. Zai nuna muku wuri biyu ko uku, kuma kullum nan ne. Daga nan za ku fara.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa abin da muka koya ya amfani mutanen da suka biya mana kuɗin makaranta. Amin.